Ƙafar da Ba Ta Yi Ritaya Ba

"Ni ma lafiya lau na kwana, tunda ba ni za a gurfanar yau ba," in ji ta, tana ajiye jakarta a kan kujera. "Ina gajiya, ango?"

"Gajiya tana wajen masu tuƙin mota a giya ta ɗaya. Shigo, amarya. Yaushe kika taso daga gida, jiya da yamma?"

Tsohon da ake tambaya gajiyar kakanta ne, mahaifin mahaifiyarta, wanda duk layin ke kira Baba Jiniya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar asibiti, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya taɓa tsayar da shi a hanya, domin aikinsa ke nan kada ya tsaya. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata 'yar farar mota, ya ci gaba da harkokinsa. Asibitin ya sallame shi da takardar yabo da agogon bango, amma babu wanda ya tuna ya sanar da ƙafarsa ta dama cewa aiki ya ƙare.

Ita kuwa jikar malamar firamare ce, 'yan aji ɗaya take koyarwa, kuma watanta takwas da samun lasisin tuƙi. Ranar da ta fara ɗaukar sa a mota ya raɗa mata suna Malama Birki, sunan kuma ya zauna.

A kan teburin falon akwai kofin shayi, da gilashin karatu, da wasiƙa daga ofishin lasisi. Wasiƙar ta ce ana neman sa ƙarfe goma na safiyar nan. Laifinsa na uku ke nan cikin shekara guda, kuma a na uku ake ƙwace lasisi. Wasiƙar ba ta san cewa duk Litinin da Alhamis shi yake kai matarsa, Inna, gashin gwiwa a asibitin ƙashi da ke can ƙarshen gari, inda bas ba ta kaiwa ba. Likita ya ce idan ta fara fashi gwiwar za ta sandare. Kowa a gidan ya san wannan, shi ya sa babu wanda ya ambace shi tun da wasiƙar ta zo.

Tsohon ya sha tsohon kakinsa na aiki, an yi masa guga har kari ya tsaya, ga hular a kan gwiwa. Ya miƙa mata takardu huɗu da ya rubuta da hannunsa, ya ce bayanin kare kai ne, ta duba masa ko akwai inda ya yi wa jami'in tsauri da yawa. Ta zauna ta karanta. Shafi uku na farko tarihin aikinsa ne, tun daga motar farko da aka ba shi, wadda sai an tura take tashi. A shafi na huɗu ne ya taɓo laifukan, a layi biyar.

"A nan ka ce duk sau ukun akwai gaggawa."

"Akwai."

"Na farko, ranar da ka tsallake jar danja a mararrabar kasuwa. Ka rubuta cewa kana ɗauke da mara lafiya."

"Haka ne."

"Fanka ce, ango. Fankar ɗakin Inna ka kai wa mai gyara."

"Ba ki ji irin numfashin da take yi ba a daren da ya gabata. Ni na ji. Na san mai sauran kwana, na san wanda ake jira."

Ta tambaye shi ko fankar ta rayu. Ya ce ta rayu, tana nan tana juyawa, kuma har yau ba ta yi masa godiya ba, kamar wasu jikoki.

Laifi na biyu shi ne ranar da ya bi hannun da ba nasa ba, ya kunna fitilun gefe duka huɗu suna walƙiya, ya ratsa titi guda yana danna ham, motoci suna darewa. Ta tuna masa cewa a ranar daga asibiti suke, gida za su koma, kuma ba ta taɓa jin an yi gaggawar dawo da mutum daga asibiti ba. Ya ce Inna ce ta bar tukunya a kan wuta. Daga ɗakin ciki muryar Inna ta fito, a hankali, ta ce ita ba ta bar komai a kan wuta ba, cewa kawai ta yi tana jin yunwa.

"Kin ji ko," in ji shi. "Yunwa. A wurinmu ma'aikatan lafiya ba ƙaramin abu ba ce."

Na uku shi ne wanda ya zo da hotuna. Jikar ta zaro su daga ambulan ɗin wasiƙar ta jera a kan tebur. Ranar shi kaɗai ne a mota, yana dawowa daga aski, sai ya ji jiniyar motar asibiti a bayansa. Duk direbobin titin suka ratse gefe. Shi kuwa ya shiga gabanta ya ja ta. Danja uku ya tsallake a jere, wanda ofishin lasisi, cikin karamci, ya lissafa a matsayin laifi ɗaya. A hoton farko ana ganin farar motar a gaba, hannunsa a waje ta taga yana kora mutane. A na biyu motar asibitin ta matso har kamar za ta hau shi, tana haska masa fitila. A na uku ana iya ganin fuskar direbanta, bakinsa a buɗe.

"Me kake jin yake nufi da fitilar nan?"

"Gaisuwa. Ɗan'uwa ya gane ɗan'uwa."

"Da kuka isa ƙofar asibitin me ya ce maka?"

"Addu'a ya yi min."

Gaskiya ne direban ya yi masa doguwar addu'a a bakin ƙofar, sai dai mai gadin da ya ji ta ya ce ba duka kalmominta ne ake samu a addu'a ba.

Ƙarfe tara da kwata ya miƙe, ya ɗora hula, ya fara laluben mukulli a ƙusar da yake rataye shi. Babu. Ya duba aljihu, ya duba ƙarƙashin kujera, ya zargi fankar. Sai jikar ta ɗaga mukullin da yatsa biyu. Inna ce ta ba ta tun a bakin ƙofa, ta ce mutumin da za a tuhuma da laifi uku bai kamata a ba shi damar yin na huɗu a hanyar zuwa ba. Ya ce wannan juyin mulki ne, kuma zai rubuta shi a shafi na biyar. Amma ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja, ya tsaya yana kallon kujerar kamar ɗakin baƙi a gidansa da bai taɓa kwana ciki ba, sannan ya zauna.

Ta gyara madubi, ta ɗaura bel, ta jira har shi ma ya ɗaura, ta kunna sigina duk da cewa babu kowa a layin sai wata kyanwa. Ya ce kyanwar ta gode.

Kafin su kai babban titi wani mai keke ya wuce su. A danjar farko suka tarar da shi, ya sake wuce su.

"Idan ya wuce mu karo na uku ki tsaya mu tambaye shi iyali. Mun zama 'yan'uwa."

"Shi lasisinsa ba ya cikin haɗari."

"Ba shi da lasisi."

"Kun kusa zama ɗaya ke nan."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a zamaninsa ya taɓa ɗauko wani mutum daga bayan gari, ya yi gudun da suka isa asibiti kafin ciwon ya iso. Sai bayan awa guda ciwon ya ƙaraso a ƙafa, yana haki, ya tarar an sallami mutumin. Ta ce bara da ya ba ta labarin rabin awa ne. Ya ce bara ba ta isa jin gaskiyar duka ba.

A danja ta biyu, da ta tsaya tun fitilar tana ruwan ɗorawa, ta miƙa hannu kujerar baya ta ɗauko wani kwali a naɗe ta ɗora masa a cinya. Ya warware. Zanen danja ne da ta ciro daga bangon ajinta, ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, kore a ƙasa, kowanne da bayaninsa da manyan haruffa. A gefe wani yaro ya ƙara zanen akuya.

"Yarana 'yan shekara shida ne, kwana biyu suka yi suka haddace. Kai saboda girma na ba ka mako guda."

"Ke har kin isa ki koya min danja? Da na tsaya a ja ranar da uwarki take naƙudarki, da a tsakiyar shataletale aka haife ki. Da yanzu sunanki Zagaye."

"Mama ta ba ni labarin. Ta ce kun isa asibiti kwana biyu kafin lokaci, aka duba ta aka ce ta koma gida. A bas ta dawo, don ta rantse ba za ta sake shiga motarka ba."

"Kwana biyu kafin lokaci," ya maimaita, cike da gamsuwa. "Ki nuna min direba ɗaya a yau da zai iya wannan."

Suna kan dogon titin da ya nufi ofishin, motoci jere biyu, sai aka jiyo ta daga nesa. Jiniya ce, tana tahowa daga baya. Tsohon ya ji ta kafin kowa. Bayansa ya miƙe, ya ce mata ta sa giya ta uku ta shiga tsakiya, akwai rata tsakanin motar ruwan can da ta kaya, shi zai riƙa kora mutane ta taga. Ta duba madubi. Ta kunna sigina, ta ratse gefe, ta tsaya cik. Motar gabanta ta yi haka, ta bayanta ma, motar ruwan da ta kayan suka dare biyu, har mai keken nan ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Tsakiyar titin ya zama fili tun daga inda suke har iyakar gani. Motar asibitin ta zo ta wuce kamar an ja zare, ko birki ba ta taɓa ba.

Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Ya ce direban ya buɗe kwanar da yawa, amma bai faɗe shi da ƙarfi ba.

Jikar ta kalli ƙasan kujerarsa, shi ma ya kalla. Ƙafarsa ta dama ta danne ƙasan motar har shimfiɗar robar ta tattare ta hau sama. Hannunsa kuma yana riƙe da gorar ruwanta gam, ya riga ya tura ta gaba, inda giya ta uku take. Ya saki gorar. Ƙafar ta ɗan jima kafin ta yarda ta ɗago.

"Ashe haka hanya take buɗewa," in ji shi.

"Idan babu farar mota a gaba."

"Duk shekarun nan na ɗauka ni nake buɗe ta."

"Mu ne muke buɗe maka, ango. Mu masu birki."

Ya juya yana kallon titi ta taga har suka isa. Ita kuwa ta ƙyale shi, ko da yake tana da sauran magana biyu masu kyau da ta tanada tun daga gida.

Ofishin dogon ɗaki ne mai bencina da fanka a sama, wadda tsohon ya saurara ya ce ita ma ba ta da lafiya. Aka kira lambarsu, aka shigar da su wani ƙaramin ɗaki. Jami'in mai furfura ne a gefen kunne, yana da gilashi a kan hanci. Ya karɓi takardun huɗu, ya karanta su duka, har da tarihin motar da ake turawa, abin da ya sa tsohon ya fara ganin girmansa. Ya duba hotunan, ya daɗe a kan na uku.

Daga nan ya yi bayani a natse. Ya ce laifi uku ya isa a karɓe lasisi, amma doka ta ba shi dama, ga wanda ya yi shekaru masu yawa ba tare da tabo ba, ya mayar da hukuncin gargaɗin ƙarshe. Sharaɗin kawai shi ne mai laifin ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai sake ba. Ya tura takardar gabansa, ya ɗora biro a kai. Layi uku ce. Idan ya sa hannu, zai fita da lasisinsa a aljihu, ranar Alhamis kuma ya kai Inna gashi kamar kullum.

Tsohon ya ɗauki biron. Ya kalli jikarsa, ita kuwa ta sami abin sha'awa a kalandar bango.

"Ranka ya daɗe, ni zan iya yi maka alkawari, kuma ban saba karya magana ba. Amma akwai wadda ba ta jin maganata." Ya nuna ƙafarsa ta dama. "Yanzu a hanya muka ji jiniya. Ina zaune a gefen fasinja, ba sitiyari, ba totur, ta kai ni gudun da ban san iyakarsa ba. Da akwai totur a wurin, da yanzu hoto na huɗu kake dubawa."

Jami'in ya tambaye shi ko ya fahimci abin da maganarsa take nufi. Ya ce ya fahimta. Ya ce ya ɗauki mutane da yawa da aka kwaso daga mararraba, ya san yadda ake kwaso su, kuma ba ya son wani direba ya zo ya kwashi wani saboda shi. Ya ajiye biron a kan takardar, ya daidaita shi.

Aka dakatar da lasisin wata shida. Bayan haka zai yi mako biyu a makarantar koyon tuƙi, ya sake jarrabawa. Ya zaro lasisin daga aljihun kakinsa, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa. Ya roƙi jami'in ya ajiye shi a inda babu danshi, kada kuma a haɗa shi da na masu ganganci, don bai saba da su ba. Jami'in ya ce zai duba.

A waje rana ta ɗaga. Suka tsaya jikin motar, tsohon yana juya hularsa a hannu. Sai a lokacin ya faɗi abin da aka yi mako biyu ana kewayewa a gidan. Ya ce jibi Alhamis.

"Na sani."

"Ƙarfe tara ake fara gashin. Idan an makara sai a ba wani gadon."

"Na sani. Na yi musanya da malamar aji biyu, za ta riƙe min yarana safiyar Litinin da Alhamis, ni in riƙe mata nata da rana. Shugabar makaranta ta sa hannu."

"Yaushe?"

"Ranar da wasiƙar ta zo."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya ce wato tun kafin a shiga shari'a ta yanke masa hukunci. Ta ce ta ga hotunan ne. Ya ce to da jami'in ya ba shi takardar nan, da ya sa hannu fa, ya fito da lasisinsa, ina za ta kai musanyarta?

"Da sai in koma wurin shugabar makaranta in ce mata na yi kuskure, ashe ban san mijina ba."

Dariyar ta fara masa ne daga kafaɗa, sannan ta fito fili, har wani mai jiran layi ya waiwayo. Ya ce ta ci, Malama Birki ta ci, a rubuta a ajiye don ba za a sake ji daga bakinsa ba. Ta miƙa masa mukullin don ya ga ba ƙwace ta yi ba. Ya karɓa, ya ɗan shafa tsohon ƙarfen da ke maƙale da shi, mai ɗauke da lambar motar asibitinsa ta ƙarshe, sannan ya kama hannunta ya saka mata a tafi ya rufe yatsunta a kai.

"Naki ne har wata shida. Sai dai ku riƙa tashi tun Laraba, idan kuna son isa Alhamis."

"Za mu isa. Kai kuma a baya za ka zauna, kusa da Inna, inda ake sa marasa lafiya."

Ya ce wannan ba zai yiwu ba, dole wani ya zauna a gaba ya riƙa gaisa da masu keke. Ya shiga, ya ɗaura bel ba tare da an ce masa ba, ya gyara shimfiɗar robar da ƙafa, ya ɗauki kwalin ajin ya shimfiɗa a cinya. Ya tambaya ko akuyar ma tana cikin jarrabawa. Ta ce sai a shekara ta biyu.

A mararrabar kasuwa danja ta ba da ja, ta tsaya a bayan layi. Tsohon ya duba kwalin, ya ɗaga kai ya duba fitilar, ya sake duba kwalin, kamar mai tabbatar da adireshi. Ya ce sun daɗe da sanin juna da ita ta gefen ido, amma ba su taɓa samun zama sun gaisa ba. Ya sauke gilashin taga, ya cire hula, ya ɗaga wa jar fitilar hannu.

"Sannu da aiki," in ji shi. "Ya haƙuri da mu?"